Fim ɗaya, tsoro kashi-kashi: tambayoyi da amsoshi kan finafinan ban tsoro masu tarin labarai

Ina da ɗan gidan kallo a wajejen Yalwa, nan cikin garin Bauchi. Ƙwallo ce ke riƙe da mu, amma daren da babu wasa, ko in an tafi hutun ƙarshen kaka, fim muke sakawa. Masu zuwa galibi ɗalibai ne daga Gwallameji, da 'yan acaɓa da suka tashi aiki, da samarin unguwa. Cikin finafinan ban tsoro, waɗanda yara ke ce wa fim ɗin horo, akwai nau'in da ya fi kowanne tayar da musu a kan benci: wanda ake zuba gajerun labarai uku, huɗu ko biyar a cikin fim guda. Wasu na sonsa kamar me, wasu kuwa gani suke an cuce su. Tambayoyin da aka fi yi mini a kansa na tara a nan, na amsa da abin da na kalla, da abin da na karanta, da abin da na gani a fuskokin masu kallo.

Wai wane irin fim ne wannan?

Fim ne guda, mai tsawon awa ɗaya da rabi zuwa biyu, amma cikinsa labarai ne daban-daban, kowanne da mutanensa da wurinsa da ƙarshensa. Labari yakan ci minti 15 zuwa 30, a rufe shi, a buɗe wani. Sau da yawa akan yi wani labari na waje da ke riƙe da sauran, kamar a ce mutane sun haɗu a wani wuri kowa na faɗin abin da ya same shi. Wannan na wajen, ni uwar labari nake kiransa.

Ya bambanta da fim mai dogon zango, inda ake jan labari ɗaya mako-mako da jarumai su ne dai su. A nan, wanda ka saba da shi a minti 20 na farko da wuya ka sake ganinsa.

Abin kan rikita sabon shiga. Wani dare wani dattijo mai gadi da ke maƙwabtaka da mu ya shigo ya zauna a bencin baya. Labarin farko ya ƙare, na biyu ya yi nisa, sai ya taso ya same ni a bakin ƙofa ya ce, "Ɗan nan, ina yarinyar nan ta farko ta shiga? Ko ka canza fim ne ban sani ba?" Na ce, "Baba, ai labarinta ya ƙare, ta mutu." Ya ce, "Tun yanzu?" Ya koma ya zauna, bai ƙara cewa uffan ba har aka tashi. Washegari shi ya riga kowa zuwa.

Sabon salo ne na Turawan zamani?

A'a, ya kusa kai sinima kanta tsufa. Tun zamanin finafinai marasa magana Jamusawa suka taɓa shi: Richard Oswald ya yi ɗaya a 1919, Paul Leni ya yi Waxworks a 1924. Wanda ya kafa tsarin da ake bi har gobe shi ne Dead of Night na Ingila, a 1945, aikin daraktoci huɗu. Daga baya Italiya ta yi Black Sabbath a 1963, Japan ta yi Kwaidan a 1964, wani kamfanin Ingila mai suna Amicus ya mai da salon sana'arsa daga 1965 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Indiya ta yi Darna Mana Hai a 2003. Mu ma a Najeriya muna da Juju Stories na 2021.

Amma duk lokacin da aka ce mini salon baƙo ne, kakata nake tunawa. A gidanmu na cikin gari, in an yi isha an ci tuwo, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a rage lagwanin fitila. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mu ce, "Ta zo mu ji ta." Ba ta taɓa yin tatsuniya ɗaya ta tashi ba. Takan fara da Gizo da Ƙoƙi mu yi dariya, ta biyo da ta yarinyar da ta ƙi duk manemanta ta bi kyakkyawan baƙo, ashe dodo ne. Mafi tsanani kuwa sai ƙananan sun yi barci take ciro ta. Bayan nan duk wanda fitsari ya matsa sai ya tashi yayansa ya raka shi. Ita ce uwar labarin, muryarta ce igiyar da ta ɗaure su. Abin da aku ya yi wa ɗan sarki Musa ke nan a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, yana ɗauke masa hankali da labari bayan labari don kada ya fita daga fada. Kunnen Bahaushe ya san wannan tsari tun kafin idonsa ya ga majigi.

Mene ne babban ƙarfinsa?

Gajarta. Tsoro ba ya daɗewa a jikin mutum. Kamar wankan asuba ne cikin hunturu: kwarawar farko ce ke sa ka zabura, in ka kai ta biyar jiki ya saba. Dogon fim dole ya cike awa biyunsa. Sai ya faɗa maka daga ina aljanin ya fito, wa ya fara zama a gidan, a je a tono tsohuwar jarida, a nemo masani ya yi dogon bayani. Kafin a gama, abin da ke firgita ka ya zama ɗan gida, har 'yan benci sun raɗa masa suna. Gajeren labari ba shi da lokacin wannan. Zai nuna maka abu, ya tsinke, ya bar ka ka tafi gida da shi.

A 2013 wani mutumin Suwidin, David F. Sandberg, ya yi ɗan fim da bai kai minti 3 ba, Lights Out. Mace ce ta kashe fitila za ta kwanta, sai ta hango siffar mutum tsaye a duhu. Ta kunna, babu kowa. Ta kashe, ga shi nan. A 2016 aka ja shi ya zama cikakken fim, aka ba siffar suna da tarihi da dalili. Na taɓa saka su biyun a dare ɗaya, kuma ɗan guntun ne ya hana wani yaro bin lungunsu shi kaɗai. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, minti ukun nan ba wasa ba ne.

Misalin da ya fi zama mini a rai yana cikin Black Sabbath na Mario Bava. An kira wata ma'aikaciyar jinya cikin dare ta shirya gawar wata tsohuwa. Ta ga zobe a yatsan gawar, ta zare ta ɓoye. Ta koma ɗakinta, sai ƙuda guda ya addabe ta, sai ɗigar ruwa, ɗis, ɗis. Ta toshe nan, can ya ɗauka. Kayan aikin labarin ke nan gaba ɗaya: zobe, ƙuda, ɗigar ruwa, da fuskar gawar da idanunta suka ƙi rufuwa. Daren da na saka shi, ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin janareta a waje. Mu da muka san nauyin amanar da ke kan mai wankan gawa, babu wanda ya buƙaci a faɗa masa girman laifin matar nan. Da an ja labarin ya kai awa biyu, da an kashe shi.

Ban da gajarta fa, akwai wani abin yabo?

Akwai. Babu wanda ke da tabbacin kai labari. A dogon fim kowa ya san jarumi zai ga ƙarshe, don hotonsa ne a jikin fasta, shi aka biya kuɗi mai tsoka. A nan kuwa tunda wani labari na tafe, marubuci ba ya jin nauyin kashe wanda ya ga dama, mai kallo kuma ya san haka, don haka zaman ɗar-ɗar yake yi.

Sannan abin da ke tsorata mutane ya bambanta. Wani jini, wani fatalwa, wani maciji. Na ga ƙaton saurayi da ke ƙyalƙyala dariya in ana yanka, amma da aka nuna ƙaramar yarinya tsaye a bakin ƙofa ba ta motsi, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur ɗinsa. Fim mai labari biyar ƙugiya biyar ya jefa, da wuya a ce babu wadda ta kama ka.

Ga masu shiryawa, sauƙin kuɗi ne. Dabarar Amicus ke nan: su ɗauki sanannen ɗan wasa irin Peter Cushing ko Christopher Lee na 'yan kwanaki kawai, sunansa ya hau fasta, alhali kuɗin ɗaukarsa tsawon fim guda ya fi haka nesa ba kusa ba. Kowane labari ɗaki ɗaya ko biyu ya ishe shi.

Yana kuma iya taɓa cututtukan al'umma da yawa a zama ɗaya. Tales from the Hood na 1995 haka ya yi da rayuwar baƙaƙen fata a Amurka: labari kan zaluncin 'yan sanda, wani kan dukan yara a gida, wani kan ɗan siyasa mai wariyar launin fata, wani kan kashe-kashen 'yan daba.

To ina rauninsa?

Babban rauninsa, labaran ba sa zuwa kai ɗaya. Kamar sayen kashin mangwaro ne: sai ka samu biyu masu zaƙi, ɗaya ɗanye, ɗaya da tsutsa. Hatta Dead of Night, da ake yi masa kallon uban tafiya, yana da labarin barkwanci na wasu 'yan wasan golf biyu da mutane da yawa ke ganin bai kai sauran ba. In dogon fim ya yi sanyi a tsakiya, kana da jarumin da kake bi, za ka daure. A nan kuwa labari mara armashi minti 20 ne cur da babu abin da ke riƙe da kai. Lokacin ne nake ganin hasken wayoyi ya tashi a kan benci, wasu su fita wajen mai shayi, kuma ba duka ke dawowa ba.

Na biyu shi ne sake farawa. Kowane labari daga sanyi ake tayar da shi, kamar motar da batirinta ya mutu, duk inda ta tsaya sai an sauko an tura. Zuciya ta hau ta kai ƙololuwa, sai a ce maka ga sababbin mutane, fara koyon sunayensu. Kafin a kai na huɗu gajiya ta shigo.

Na uku shi ya fi damuna. Ba ka samun lokacin da za ka ƙaunaci kowa. Tsoro mai shiga ɓargo shi ne fargabar kada wani abu ya samu wanda ka damu da shi. A cikin minti 15 marubuci yakan bi hanya mai sauƙi, ya ba ka mugun miji, ko mace mai kwaɗayi, ko ɗalibi mai taurin kai, ba tare da ka san komai nasu ba ban da wannan hali guda. Sai ka ga ana hallaka su masu kallo na tafi suna cewa Allah ya ƙara. Da zarar an kai ga tafi, tausayi ya fita, tsoro kuma ba ya zama inda babu tausayi.

Me ya sa ƙarshen labaran ke yawan kama da juna?

Saboda gajeren labari na son ƙarewa da duka, yawancin marubuta kuma juyin ba-zata suke dogaro da shi. Matsalar, irin juyin ba su da yawa. A Dr. Terror's House of Horrors na kamfanin Amicus, na 1965, mutum biyar ne a taragon jirgin ƙasa, wani baƙo na duba musu makomarsu da kati, a ƙarshe ashe sun riga sun mutu a haɗarin jirgin. A Tales from the Crypt na 1972, na kamfani ɗaya, mutum biyar ne kuma, su ma ashe matattu ne. Karon farko abin na girgiza mutum. A karo na uku, tun fim bai yi rabi ba wani zai ɗaga murya daga baya, "Wallahi duk matattu ne!" Kuma ya canka daidai.

Ɗaya hanyar da aka tattake ita ce ta sakayya: mutum ya yi mugunta, ya gamu da hukunci daidai da laifinsa. Ba na ƙin wannan, da shi aka rene mu. Amma in aka jera shi sau biyar, da ka ga laifin ka san hukuncin, kallo ya koma lissafi.

Shi ya sa nake girmama labarin Hoichi a cikin Kwaidan na Masaki Kobayashi. Makaho ne mai kiɗa da waƙar tarihi. Fatalwowin wasu mayaƙa da suka hallaka a yaƙin teku suka riƙa aiko masa cikin dare, a tafi da shi maƙabarta ya rera musu labarin yaƙinsu, shi kuwa yana zaton fadar wani basarake ake kai shi. Da shugaban wurin ibadarsu na addinin Buddha ya gano, sai aka rubuce jikinsa kaf da rubutun tsari irin nasu don kada fatalwa ta gan shi. Aka manta kunnuwa. Ɗan aiken ya zo, bai ga komai ba sai kunnuwa biyu, ya fizge su ya tafi da su. Hoichi bai cuci kowa ba, mantuwar wani ce ta ci shi. Na daɗe ban ga labarin da ya sa 'yan benci suka shafa kunnuwansu ba tare da sun sani ba kamar wannan.

Dole ne a yi uwar labari?

Ba dole ba ne. Kwaidan labarai huɗu ne a jere, idon darakta ɗaya da irin launukansa suka haɗa su. Juju Stories kuwa birnin Legas da imanin mutane da asiri ne suka ɗaure labaransa uku.

Amma in za a yi ta, to ta zama labari mai rai. Malalaciyar uwar labari ita ce wadda aikinta kawai ta miƙo na gaba. A V/H/S na 2012, wasu ɓata-gari ne suka shiga wani gida neman kaset, suna sakawa ɗaya bayan ɗaya. Da an dawo kansu, sai ka ji ana jiran su gama a wuce.

Kwatanta da Dead of Night. An gayyaci wani mai zanen gine-gine zuwa wani gida a ƙauye. Yana shiga ya ga ya san duk waɗanda ke falon, alhali bai taɓa haɗuwa da su ba. A wani mafarki da yake yawan yi yake ganinsu, ya kuma san mafarkin da mugun abu yake ƙarewa, sai dai ya kasa tuna mene ne. Baƙin suka shiga ba da nasu labaran abin al'ajabi. A tsakanin labaran, abubuwan da ya ce za su faru suka riƙa faruwa ɗaya bayan ɗaya. Don haka komawa falon ba hutu ba ne, igiya ce ake ƙara ɗaurewa. A ƙarshe ya farka a gadonsa, waya ta yi ƙara, ana gayyatarsa wani gida a ƙauye. Ya hau mota, sai ga shi a ƙofar gidan nan dai. Shekara 80 da yin fim ɗin, ban ga wanda ya fi shi iya wannan ɗauri ba.

Yadda aka jera labaran yana da tasiri?

Ƙwarai kuwa. A Black Sabbath na asali, na Italiya, labarin ɗigar ruwa ne na ƙarshe. Da aka kai shi Amurka sai aka sauya jerin, aka dawo da shi farko. Wanda ya kalli na Amurka ya sha mafi ɗaci tun a kurɓin farko, sauran sai su zame masa salam. Ƙa'idar kakata ita ce daidai: a buɗe da mai kama hankali, a ɓoye mai rauni a tsakiya, a ajiye mai hana barci a ƙarshe.

A nan zan ɗan kare labarin 'yan golf na Dead of Night da na ambata. An sa shi ne dab da na ƙarshe, labarin mai wasa da 'yar tsana wanda ya yi imani 'yar tsanar tasa ta fara juya shi. Dariyar da aka yi kafin nan ita ke sa mai kallo ya saki jiki, sai dukan ya same shi ba shiri.

Labarai nawa ya kamata a saka?

Uku zuwa biyar. Uku sun fi ba kowane labari sararin numfashi. The ABCs of Death na 2012 ya zuba 26, ɗaya ga kowane harafin Turanci. Kafin ka gane wa ke magana an wuce, kuma washegari da ƙyar ka tuna huɗu.

Darakta ɗaya ya fi, ko a tara da yawa?

Darakta ɗaya na ba da murya ɗaya, kamar Creepshow na 1982 da George Romero ya ba da umarni, Stephen King ya rubuta labaransa biyar. Daraktoci da yawa na kawo ɗanɗano iri-iri, amma a nan ne rashin daidaito ya fi fitowa. Three... Extremes na 2004 ya haɗa ƙwararru uku daga Hong Kong da Koriya ta Kudu da Japan, ya yi ƙarfi don kowannensu gwani ne a fagensa. In za a tara mutane, ya zama akwai mutum ɗaya mai ikon cewa wannan labarin bai kai ba, a sake shi.

Fassarar Hausa da ake ɗora wa finafinai tana taimakonsa ko tana ɓata shi?

Tana taimako wajen abu ɗaya: tunda kowane minti 20 sababbin mutane ake kawowa, mai fassara na sa a gane wane ne wane da wuri. Ina yaba wa masu wannan sana'a, sun buɗe wa jama'a ƙofar da turanci ya rufe.

Sai dai tsoro da shiru yake aiki. Na taɓa karɓar wani fassararre daga wajen masu tura fim a waya, mace na tafiya a hankali za ta buɗe ƙofa, babu kiɗa, babu motsi, sai mai fassara ya cike wurin da zolaya yana kiranta da sunan barkwanci. Ɗaki ya fashe da dariya, abin da darakta ya gina na minti biyar ya rushe. Dogon fim zai iya farfaɗowa daga irin wannan. Gajeren labari duka ɗaya gare shi, in aka ɓata shi ya tafi ke nan. Roƙona ga masu fassara, inda darakta ya yi shiru, su ma su yi shiru.

Masu shirya finafinan Hausa za su iya yin irinsa?

Za su iya, kuma ina ganin babu salon da ya fi dacewa da aljihunmu da al'adarmu kamarsa. Juju Stories ya nuna hanya. Daraktoci uku ne, Michael Omonua da Abba Makama da C.J. Obasi, kowa ya ɗauki labari ɗaya daga abin da ake faɗa a titi: macen da ta yi wa namiji asirin mallaka, wanda ya tsinci kuɗi a hanya ya zama doya, da ɗalibar da ke zargin ƙawarta mayya ce. Har bikin finafinai na Locarno a ƙasar Suwizalan ya je.

Mu a nan me muka rasa? A ce bas ta taso daga Bauchi za ta Gombe, ta lalace bayan an wuce gadar Dindima kafin a kai Alkaleri, magariba ta rufa, direba ya hau acaɓa neman makanike. Fasinjoji sun hura wuta a gefen titi. Wata Hajiya 'yar kasuwa ta ba da labarin gidan hayar da ta samu da arha, wanda babu mai yin wata uku a cikinsa. Yaron mota ya ba da na ɗan acaɓan da ya ɗauki mace da almuru, ta ce ya sauke ta a bakin maƙabarta. Wani tsohon maharbi daga ƙauyukan gefen Yankari ya faɗi abin da ya sa ya rataye bindigarsa. Bas ɗaya, wuta ɗaya, ɗakuna uku, ɗan daji kaɗan. Ƙananan furodusoshi uku za su iya haɗa kuɗi kowa ya ɗauki labari guda.

Abu biyu nake jin tsoro. Na farko, a ce sai an saka waƙa da rawa. Labarin minti 20 ba ya ɗaukar waƙar minti biyar. Na biyu ya fi nauyi, shi ne maita. Mun sha jin an yi wa tsohuwa ko ƙaramin yaro dukan kawo wuƙa, wani lokaci har rai ya fita, don kawai wani ya yi zazzaɓi ya ambaci sunansu. Fim ɗin da zai nuna tsohuwa mai jajayen idanu tana kama kurwa, a ƙarshe a tabbatar mayya ce, itace yake ƙara wa wannan wuta. In za a taɓa maita, ni na fi son a nuna ta daga ɓangaren wadda aka yi wa ƙazafi: tana zaune a ɗakinta, tana jin hayaniyar mutanen da ta rena suna matsowa. Wannan ya fi kowane dodo ban tsoro, kuma gaskiya ne.

Kada kuma a dogara da kwamfuta wajen ƙera aljani, tunda kayan aikinmu ba su kai nan ba tukuna, abin dariya yake komawa. Inuwa, ƙarar ƙyauren langa-langa, kukan mujiya, takun sawu a bayan ɗaki, sun wadatar.

Ya dace yara su kalla? Ta fuskar addini fa?

Yara ƙanana, a'a. Ba na barin su shiga daren da muke saka irin wannan. Kuma akwai haɗarin da ya keɓanta da wannan salo, wanda iyaye ya kamata su sani: labari uku na iya zuwa tsaf babu abin kunya, na huɗu ya zo da tsiraici ko yanka mai tayar da zuciya, musamman in daraktoci daban-daban ne. Duba minti goma na farko ba ya gaya maka komai game da sauran. Ni sai na kalli fim daga farko har ƙarshe ni kaɗai kafin in saka wa jama'a, kuma na sha ajiye fim dungurungum saboda labari ɗaya.

Fatawa aikin malamai ce, a tambaye su. Abin da nake faɗa wa samarin da ke zuwa wurina shi ne su raba abin da addini ya tabbatar da abin da marubuci ya ƙaga. Aljanu gaskiya ne, akwai sura sukutum da sunansu a cikin Alƙur'ani. Mamaci ya taso daga kabari ya dawo ɗaukar fansa kuwa ƙagen labari ne. Duk fim ɗin da ya nuna boka a matsayin mai ceto, ko ya sa mutum ya fara zargin maƙwabcinsa, ba na saka shi.

Wanda bai taɓa kallo ba, da wanne zai fara?

In ka saba da finafinan Indiya, fara da Darna Mana Hai, wanda Ram Gopal Varma ya shirya. Abokai ne motarsu ta lalace a daji cikin dare, suka zauna gaban wuta suna ba juna labarai shida, ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga fuskokin da ka sani, irin su Saif Ali Khan da Nana Patekar, kuma za ka ga ƙarfin salon da rauninsa a zama ɗaya, don labaran ba su zo daidai ba. Daga nan ka nemi Juju Stories. In kana da haƙurin tsohon fim mara launi, Dead of Night. Kwaidan ya kai kusan awa uku kuma a hankali yake tafiya, don haka raba shi dare biyu, labari biyu-biyu.

Black Sabbath kuwa ka nemi na jerin Italiya, wanda ɗigar ruwa ke zuwa a ƙarshe. Ka kalle shi da dare, waya a aljihu, sauti a buɗe sosai, don rabin labarin a kunne yake.